Wuri mai kyau a ido, ko wurin da zai ɗauki aiki? Muhawara kan neman lokeshan

Ɗalibar Fim:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata kan aikin mai neman lokeshan ne, na fim da na hoto. Idan aka miƙa masa labari aka ce ya je ya nemo gida ko titi ko fili, da me ya kamata ya dawo? Wasu na cewa aikin ido ne kawai, ka ga wuri mai kyau ka ɗauko hotonsa. Don Allah a fayyace abin da ake dubawa, da inda aka fi yin tuntuɓe.

Malam Mai Lokeshan:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Aikin yana farawa ne tun kafin a fita daga gida. A karanta labarin a fitar da kowane wuri daban: ciki ne ko waje, dare ne ko rana, mutum nawa ne a fitowar, shafi nawa za a ɗauka a wurin, akwai mota, ruwa, wuta ko gudu a ciki? Gidan da za a yi shafi ɗaya a cikinsa ana iya haƙuri da matsalarsa. Wanda za a kwana huɗu ana aiki a ciki, ƙaramar matsala ma sai ta ninka huɗu.

Kayan aljihu: tef ɗin awo ko na'urar awo mai haske, kamfas, littafi, tocila, waya mai caji. Idan an shiga ɗaki a tsaya a kowace kusurwa a ɗauki hoto daga tsayin ido, sannan a tsaya a tsakiya a juya ana ɗauka, kowane hoto ya hau kan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi. Abin da sababbi suka fi mantawa shi ne bayansu. Kowa yana ɗaukar gefen da ya burge shi, alhali idan mutum biyu na magana dole kyamara ta juyo ta kalli ɗaya gefen. Gaba falo ne na alfarma, baya kuma bangon da fenti ya ɓare da tarin wayoyi. A ɗauki sili, ƙasa, tagogi, soket, akwatin fiyus, matakala, ƙofar shiga da wurin ajiye motoci. Ranar nan a sa wa hotunan suna: wuri, ɗaki, fuskar da aka kalla, da ƙarfe nawa aka ɗauka. Hoton da ba a san lokacinsa ba rabin amfani gare shi.

Kuma kada a kai wa darakta wuri ɗaya. Uku ga kowane lokeshan, waɗanda kowannensu an riga an ji ta bakin mai shi cewa zai iya yarda.

Mai Kyamara:
Malam ya yi bayani, amma ina da gyara kan hoton waya. Gilashin nan mai faɗi da ke kan wayoyi, wanda ake rubuta 0.5, daidai yake da kusan 13mm. Yana mayar da akurki ya zama fili. Darakta ya gani ya yi murna, ranar aiki a tarar kyamara ba ta da inda za ta ja da baya. A yi amfani da babban gilashin wayar, wanda ke tsakanin 24mm da 26mm, a sa mutum ya tsaya cikin hoton don a gane girman wurin.

Ga lissafi mai sauƙi. A kyamara mai cikakken firam, wato mai babbar na'urar karɓar hoto a ciki, idan ana ɗauka a siffar 16:9, tsayin firam ɗin kusan 20mm ne. Ana son mutum ya fito tun daga kai har ƙafa, a ce mita 2. Da gilashi 50mm sai kyamara ta yi nisan mita 5 daga gare shi. Da 35mm mita 3 da rabi. Ƙara mita ɗaya na mai kyamara da mataimakinsa a baya, ƙara mita ɗaya da rabi tsakanin jarumi da bango don kada inuwarsa ta manne a jiki. Kun ga ɗakin da bai kai mita 6 zuwa 7 da rabi ba zai tilasta a koma gilashi mai faɗi, shi kuma yana kumbura fuska idan aka matso. Akwai manhajoji irin su Artemis da Cadrage da ake zaɓar kyamara da gilashi a ciki, su nuna daidai abin da zai shiga firam. Mai neman wuri ya tambayi mai kyamara da me za a ɗauka kafin ya fita.

Mai Fitila:
A ƙara da sili. Mita 2.4 azaba ce, fitila ba ta da inda za ta hau, makirufo na leƙowa cikin hoto. Daga mita 3 zuwa sama shi ne numfashi. Farin bango kuma yana watsa haske ko'ina, ba ka iya sarrafa inuwa. A tambayi mai gida tun da wuri ko zai yarda a canza fenti a mayar masa daga baya.

Mai Sauti:
Duk kun yi maganar ido, kamar kullum. Mai neman wuri ya shiga ɗaki, ya sa kowa ya yi shiru, ya rufe ido minti biyu cur. Firij, na'urar sanyaya ɗaki, fanfon tura ruwa, taransifoma a bayan katanga, karen maƙwabta, makaranta, wurin ibada, injin walda, hanyar manyan motoci, hanyar jiragen sama. Ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan tafin ya dawo da wutsiya, ɗakin yana da amsa-kuwwa. Tayil da gilashi da bango tsirara su ke kawo ta. Wannan tana da magani, a shimfiɗa barguna da kafet inda kyamara ba ta gani. Amma titin da babura ke wucewa kowane daƙiƙa goma ba shi da magani, sai dai a sake ɗaukar muryoyi a situdiyo, kuɗi ne da lokaci, kuma ba kowane jarumi ke iya maido da yanayin ba.

Ya ɗauko mini minti ɗaya na sautin wurin a wayarsa. Ba sai mai tsada ba, ina so in ji abin da ke ƙarƙashin shirun ne.

Ɗalibar Fim:
Malam Mai Sauti, to idan an je an tarar shiru, shi ke nan an wuce wannan matakin?

Mai Sauti:
Ina! An je wace rana, ƙarfe nawa? Wurin da aka duba ranar hutu da yamma ba shi ne wurin da za a tarar ranar aiki da safe ba. A koma a ranar mako iri ɗaya da wadda za a yi ɗauka, a awa ɗaya. A tambayi maigadi ko maƙwabci, su suka san ranar da ake kwashe shara, da ginin da za a fara mako mai zuwa. Mai gida ba zai faɗa ba, shi kuɗin haya yake hange.

Mai Kyamara:
Yanzu ga inda zan saɓa da Malam Mai Lokeshan. Ya ce sai wurin da aka tabbatar ba shi da matsala za a nuna wa darakta. Ni ban yarda ba. Idan aka bi wannan, duk finafinai za su koma falo iri ɗaya mai faffaɗan wurin ajiye mota. Mai kallo ba ya ganin inda aka ajiye motoci, abin da ke cikin firam yake gani. Wuri mai wahala amma mai rai a kawo shi, a bar masu yanke hukunci su yanke.

Hajiya Furodusa:
Ƙanena, ba a nuna wa darakta abin da ba za a iya ba shi ba. Da zarar ya ga wurin ya shiga ransa, sauran ukun sun mutu, ko da sun fi dacewa. Daga nan sai a shafe mako biyu ana lallashin mai gidan da tun farko ya ce a'a. Kyan ɗan maciji ke nan. A rarrabe abu biyu: wuri mai wahala, da wurin da ba ya samuwa. Mai wahala a kawo shi tare da farashin wahalarsa a rubuce: hawa na huɗu ne babu lifta, za a ƙara mutum huɗu na ɗaukar kaya da awa biyu safe da yamma. Wannan ana iya zama a auna shi. Wanda ba ya samuwa kuwa ya tsaya a wayar mai nema.

Malam Mai Lokeshan:
Maganar Hajiya ita ce abin da nake nufi. Ban ce mara matsala ba, babu wuri mara matsala. Na ce wanda mai shi bai rufe ƙofa ba. Kuma Malam Mai Kyamara, motocin nan da mai kallo ba ya gani su ke yanke awa nawa za ka samu da haskenka. Idan motar kaya ta tsaya mita 300 daga ƙofa, awa ɗaya ta tafi a jigila kafin a kunna fitila ta farko.

Mai Kyamara:
Na karɓi rabi. Amma a rubuta wahalar da gaskiya, kada a kumbura ta don a kashe wurin da ba a so.

Mai Hoto:
Bari in shigo da rana, don mu masu hoto ita ce jarinmu. Rana tana tafiya digiri 15 a kowace awa. Kuma ba kullum take fitowa daga gabas sak ba, sai wajajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. A watan Yuni tana karkata arewa, a Disamba kudu. Kusa da layin tsakiyar duniya (ikwaita) karkatar ta kai digiri 23 kowane gefe, a wuri irin Landan kuwa tsakanin fitowar Yuni da ta Disamba akwai kusan digiri 80. Ma'ana tagar da rana ke zubowa ta cikinta yau, bayan wata uku tana iya zama a inuwa. Saboda haka ba ranar da aka je dubawa ake lissafi da ita ba, ranar ɗauka ce. Sun Seeker da PhotoPills suna zana hanyar rana ta kowace ranar da aka zaɓa a kan abin da kyamarar waya ke kallo. Sai dai kamfas ɗin waya yana rikicewa kusa da mota ko ƙarfen gini, a matsa fili a gwada shi da kamfas na hannu.

Inuwa kuma: idan rana tana digiri 45 sama, tsawon inuwa daidai yake da tsayin gini. A digiri 30, ginin mita 10 yana jefa inuwar mita 17. Manhaja za ta ce rana na faɗuwa ƙarfe kaza, amma idan akwai bene ko tsauni a yamma, a wurinka ta faɗi tun awa ɗaya kafin nan. Idan babu waya, miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Inda rana ke sauka a tsaye, minti 40 ke nan.

Jan hasken nan na yamma da kowa ke so, kusa da tsakiyar duniya gajere ne ƙwarai, bayan faɗuwar rana minti ashirin da 'yan kai ne duhu ya fara rufewa. A ƙasashen da ke can arewa lokacin zafi yana daɗewa. Wanda ya tsara fitowa mai shafi uku a wannan ɗan lokacin ya shirya dawowa gobe.

Ɗalibar Fim:
Tunda akwai manhajoji da Google Earth, ba za a iya kammala yawancin aikin daga kwamfuta ba?

Mai Hoto:
Don tankaɗe da rairaya suna da amfani, wuri talatin ya koma biyar. Amma hoton tauraron ɗan adam yana iya zama na shekarun baya. Filin da ke taswira yanzu an yi gini a kai, bishiyar an sare ta. Kuma taswira ba ta jin ƙara, ba ta jin wari, ba ta sanin cewa hanyar tana zama caɓi idan an yi ruwa. Gani ya kori ji.

Mu masu hoto mun fi masu fim sauƙi ta wani fannin: ba ruwanmu da ƙara, kusurwa ɗaya mai kyau ta ishe mu, mutum huɗu ne ba arba'in ba. Amma wurin sauya kaya da madubi da inuwar da mai kwalliya za ta yi aiki dole ne.

Mai Fitila:
Wuta. A daina cewa “akwai soket” a matsayin amsa. Lissafin shi ne bolt sau ampiya. A ƙasashen da ke kan bolt 230, filogi mai ampiya 13 iyakarsa kusan wat 3000. A Amurka da ke kan 120, layi mai ampiya 15 wat 1800 ne, kuma don aiki mai tsawo ba a wuce kashi 80 cikin ɗari, wato 1440. Soket huɗu a ɗaki ɗaya galibi layi ɗaya ne, ba huɗu ba. A buɗe akwatin fiyus a ɗauki hotonsa kusa yadda za a karanta lambobin, a gano layin da firij da hita suke kai. Abin da ke yawan kashe wuta a lokeshan ba fitilunmu ba ne, tukunyar dafa ruwa ce da na'urar busar da gashi, kowacce tana iya jan wat 2000 ita kaɗai.

Idan janareta za a kawo, wanda aka rubuta 5kVA kusan kilowat 4 yake bayarwa, kuma ba a cika shi taf, a tsaya wajen uku. Mai neman wuri ya nemo inda za a ajiye shi: bayan katanga, ba fuskar tagogi ba, ba inda hayaƙi zai shiga ɗaki ba, ya auna nisan don a san tsawon waya. Waya doguwa siririya tana rage ƙarfin wuta, kuma idan aka bar ta naɗe a gangarta tana ɗaukar zafi, sai an warware ta duka.

Fitilun gidan ma a kunna su a duba. A ma'aunin launin haske, hasken rana wajen 5600K yake, tsohon ƙwai mai zare na gida wajen 2700K, dogayen fitilun ofis suna ba da kore-kore. A ɗauki bidiyon daƙiƙa goma a ga ko hoton yana rawa. Wutar 50Hz tana tafiya da saurin buɗewa da rufewar kyamara na 1/50, ta 60Hz da 1/60, amma wasu fitilun LED masu arha suna rawa ko me aka yi, sai dai a cire su a sa namu. A tambaya ko ana iya kashe su ɗaya-ɗaya. A manyan shaguna makunni ɗaya ne ke riƙe da rabin gini.

Mai Sauti:
Kan janareta: a fili, duk lokacin da nisa ya ninka ƙara tana sauka da desibel 6. Idan 70 ne a mita 7, zai zama 64 a mita 14, 58 a mita 28, 52 a mita 56. Don haka matsar da shi mita biyar ba ya canza komai. Katanga a tsakani ta fi ƙarin waya amfani. Firij kuma idan an kashe, a sa mukullin motar wani a ciki, ba wanda zai tafi gida bai tuna ya kunna ba.

Hajiya Furodusa:
To ga takarda, wadda ita ce ke rufe aiki da rana tsaka. Tambaya ta farko: wanda ya ce “ku zo” shi ne mai ikon cewa haka? Ɗan haya ba mai gida ba ne, manajan shago ba mai gini ba ne, maigadi ba kowa ba ne a wannan maganar. Sau da yawa hannu biyu ake buƙata, na mai mallaka da na mai zama a ciki. Yarjejeniyar ta ƙunshi ranaku da awoyi, har da ranar shiri da ranar kwashewa, ɗakunan da aka yarda a shiga, adadin mutane, abin da za a taɓa ko a matsar, kuɗin ƙarin lokaci a kowace awa, ranar maye gurbi idan ruwa ya hana, wanda zai biya ɓarna, da inshora. Sannan jimlar da ake mantawa: izinin nuna wurin a fim ɗin a ko'ina, ba tare da wa'adi ba. Idan babu ita mai gida yana iya tashi bayan an gama tacewa ya ce bai yarda ba.

A gaya masa gaskiyar abin da za a ɗauka. Idan gidansa zai fito a matsayin maɓoyar 'yan fashi, ya ji tun yanzu. A gaya masa gaskiyar adadin mutane kuma, wanda aka ce wa goma ya ga talatin da biyar ya riga ya zama abokin gaba.

Titi da filin gwamnati izinin hukuma suke buƙata, kuma kowane gari da tsarinsa da kwanakin da yake ɗauka. A Los Angeles, FilmLA ce ke tsara izinin. A can ma akwai da'irar mil 30 daga mahaɗar titunan Beverly da La Cienega wadda idan lokeshan ya fita daga cikinta lissafin kuɗin tafiyar ma'aikata yana canzawa. Bindigar wasa, kakin 'yan sanda ko wuta a titi, sai an sanar da jami'an tsaro a rubuce. Jirgi maras matuƙi dokarsa daban, a Amurka da Tarayyar Turai iyakar tashinsa sama mita 120, kusa da filin jirgin sama kuma sai da izini na musamman. Izinin mai gida bai shafi sama ba.

Abin da ke jikin bango ma yana da masu shi: zane, hoton iyali, tambarin kamfani. Hasumiyar Eiffel a Faris da rana ba matsala, amma kamfanin da ke kula da ita yana riƙe da haƙƙin hasken da ake ƙawata ta da shi da dare, don aikin kasuwanci sai an nemi izini.

Malam Mai Lokeshan:
Kafin a shigo da ko kujera ɗaya, a zagaya da mai gida a ɗauki hoton kowace tsaga da kowane tabo, shi ma a ba shi kwafi. A shimfiɗa kwali ko tabarmar roba a hanyar da kaya za su bi, a naɗe ƙafafun ƙarafan fitila. Tef mai ƙarfi ba ya hawa bango mai fenti, yana tashi da fentin, na takarda ake sawa. Maƙwabta a kai musu takarda kwana biyu ko uku kafin ranar, da lambar wanda za su kira. Maƙwabcin da ba a gaisar ba shi ne mai kunna rediyo daidai lokacin da aka ce a yi shiru.

Bayan darakta ya zaɓa, akwai zuwa na biyu tare da shi, da mai kyamara, mai fitila, mai sauti, mai tsara ado da mataimakin darakta. A nan ake tsayar da inda kyamara za ta kalla, don a san inda motoci ba za su tsaya ba. Banɗaki nawa, inda za a zauna a ci abinci, asibiti mafi kusa da minti nawa ne zuwa can, ko waya tana samun sabis, duk a shafi ɗaya.

Ɗalibar Fim:
Na gode ƙwarai. Saura wuraren waje kamar bakin teku ko kogi, akwai wani abu na daban?

Mai Hoto:
Teku tana cika sau biyu a yini, tsakaninsu kusan awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. Wato rairayin da aka gani a buɗe yau ƙarfe 4, bayan mako ɗaya a wannan awar yana ƙarƙashin ruwa. A nemi jadawalin cikar teku na ranar ɗauka, a duba hanyar fita idan ruwa ya taso, kada duwatsu su datse mutane. Busasshen kwarin kogi kuma ba a ajiye mota ko janareta a cikinsa, ruwan da aka yi a tsaunin da ba a ma hango shi yana iya isowa sama tana tas.

Mai Sauti:
Kuma igiyar ruwa ba ta jin a yi shiru. Idan akwai doguwar magana a fitowar, a nemi tudu ko dutse mita 100 daga bakin ruwa, a ɗauki jaruman da dogon gilashi teku na bayansu, makirufo ya juya wa ruwan baya.